Ranar da Aka Cire wa Motar Yaya Batir

Motar ba tawa ba ce tun asali, ta yayana ce. Ƙarama ce, ja, 'yar Kwatano, kuma tun ranar da ya shigo da ita layinmu a Dorayi bai bar ta ta huta ba. Yaya ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Challawa, shi ke gyaran allunan da ke sarrafa injinan saƙa. Yana cikin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a rufe su ƙyale shi. Rediyon Baba, agogon bangon Inna, har dutsen gugata, babu wanda bai ga cikinsa ba.

Motar ta zo da makulli ɗaya tak, mai wani ɗan abu a cikin kansa wanda sai ƙwaƙwalwar motar ta gane shi kafin ta yarda ta yi aiki. Wata rana makullin ya faɗa kwata. Aka ciro shi, aka wanke, aka shanya, amma mota ta ce ba ta san shi ba. Kana murzawa za ta tashi, kafin ka ƙirga uku ta mutu, ko da kuwa ka danne totur har ƙasa. Kwana huɗu muna jin wannan ƙara a ƙofar gida. A rana ta biyar Yaya ya kwance ƙwaƙwalwar, wata 'yar akwatin ƙarfe mai kama da gwangwanin alewa wadda makanikai ke ce wa biren-bokis, ya naɗe ta a tsohon rawanin Baba ya tafi da ita wurin aiki.

Sati biyu ta yi a can. Da ya dawo da ita, ba tsaron makullin kaɗai ya cire ba. Ya ce tunda ya riga ya shiga ciki, gara ya gyara mata zama. Ya sa fankar injin ta riƙa tashi da wuri, don a cewarsa waɗanda suka ƙera motar ba su taɓa tsayawa a cunkoson Ƙofar Famfo cikin watan bazara ba. Ya taɓa yadda take ba injin mai. Ya kuma je kasuwar Ƙofar Ruwa ya samo maƙogwaron iska na wata mota da ta fi tamu girma ya ɗaura mata. Daga nan jar motar ta zama wata aba daban. Kana ɗan taɓa ta sai ta zabura. Samarin layi suka riƙa ce mata Barkono.

Ni kuma a lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, ina kula da injuna huɗu masu fitar da buta da bokiti. Ban yi aure ba tukuna, ina gidanmu. Yaya ne ya koya mini tuƙi, ran Lahadi, a titunan bayan kamfanoni inda ba ka haɗuwa da kowa sai awaki da masu gadi. Da masaƙarsu ta rufe, kamar yadda masaƙu suka yi ta rufewa a shekarun nan, ya samu aiki a wani kamfanin haƙar mai a Fatakwal, wurin da sai ya yi sati biyu a kan ruwa ba a samunsa a waya. Ranar da zai tafi ya miƙo mini makulli a gaban kowa ya ce, "Ga ta nan. Ki riƙa duba mata ruwa da baƙin mai. Kada ki bar kowa ya taɓa mini akwatin nan."

Na ga Baba bai ji daɗi ba. Ba wai don mace za ta tuƙa mota ba, a'a, wannan bai dame shi ba. Motar ce ba ta kwanta masa ba. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota a wani kamfanin dakon kaya a Bompai, kuma a wurinsa injin na gaskiya shi ne wanda in ya tsaya maka a daji za ka buɗe bonet, ka kwance kabureta, ka hura da baki, ka mayar, ka ci gaba da tafiya. Yakan ce, "Motar da ke da nata tunanin, wa ya san ranar da za ta yi tunanin ƙin tafiya?"

Na yi wajen wata takwas ina zuwa aiki da ita lafiya lau. Sai wata Juma'a cikin damina, na taso da yamma, ruwa ya cika titin gaban kamfaninmu, na faɗa wani rami da ban gani ba. Salansa ta tsage. Na shigo Dorayi mota na ruri kamar injin niƙa, mata na leƙowa ta katanga.

Washegari Asabar ba ni da aiki. Baba ya ce zai raka ni gareji, don kada a ga mace a yi mata aikin banza. Muka je wani gareji da ke bakin hanyar Sharaɗa, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Mai garejin dattijo ne gajere mai furfura a gemu, kowa Oga yake ce masa, kuma sun san juna da Baba tun zamanin Bompai. Ya kira mai walda na kusa da shi. Kafin mai waldan ya kunna wuta sai ya ce a cire kan batir, don kada wutar walda ta bi jikin mota ta ƙona wani abu. Na yi jim. Na tuna maganar Yaya, amma shi akwati ya ce, bai ce batir ba. Oga ya sa sifana ya cire.

Aikin ya ɗauki kusan awa guda, don sai da aka yanko wani guntun bututu aka yi ƙari. Ina zaune a benci ina cin gyaɗa, su Baba na hirar direbobin da suka rasu. Da aka gama, Oga ya mayar da kan batir ya ɗaure, ya ce, "Hajiya, bismilla."

Na shiga na murza. Ta tashi, salansa shiru kamar sabuwa. Har na fara murmushi. Sai allurar da ke nuna juyin injin ta haura sama da kanta, ta faɗo, ta sake haurawa, motar ta yi wata irin karkarwa kamar mai jin sanyi, ta mutu.

Na sake murzawa. Haka. Na uku ma haka, har da wani baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur.

Kafin ka ce me, mutane sun kewaye mu. Mai walda ne ya fara magana, hannu a sama. "Wallahi kowa shaida ne, sai da na ce a cire batir. Ba wutata ba ce."

Oga ya cire hula ya sosa kai. Ya duba fulogi, ya duba wayoyi, ya bubbuga nan ya bubbuga can. Sannan ya aika aka kira wani rewaya, wato mai gyaran wutar mota, dogo, mai tabarau a goshi. Shi ko taɓa motar bai yi sosai ba. Da ya ji an ce an taɓa yi wa ƙwaƙwalwar aiki, sai ya girgiza kai.

"Ai shi ke nan," in ji shi. "Duk abin da aka zuba mata ya zube. Irin wannan aikin na hannu batir ne ke riƙe da shi. Kuna cirewa ya goge. Yanzu biren-bokis ɗin nan fanko ne."

Ba motar na fara tunawa ba, Yaya na tuna, da sati biyun da ya yi yana dawowa gida idanu jajaye, da yadda ya miƙo mini makulli a gaban kowa.

"To mene ne abin yi?" Baba ya tambaya.

"Hanya biyu ce, Alhaji. Ko a nemo wani biren-bokis da makullinsa, in an dace a samu irinsa. Ko kuma a huta gaba ɗaya, a cire wannan tarkacen a mayar da ita kabureta."

Na ga fuskar Baba ta saki. Abin da ya daɗe yana so ke nan. Ya ce akwai wani amininsa a Bompai, tsohon makanikin kamfaninsu, wanda ya mayar da motoci irin wannan kabureta sun fi a ƙirga, kuma yau Asabar yana nan. A samo igiya kawai a ja ta.

Na ce a ba ni minti biyar. Na koma gefe na kira lambar Yaya sau uku, ana ce mini ba a samunsa. Na san ba za a same shi ba, yana kan ruwa. Na tsaya a gindin darbejiya da waya a hannu, ina kallon mutum bakwai sun sunkuya a kan injin motar, kowa na faɗin tasa.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne lokacin da makulli ya faɗa kwata. Na ji wannan mutuwar sau ba adadi a ƙofar gidanmu, na san ta. Tashi, ɗaya, biyu, uku, ɗif, kamar an yanke da wuƙa. Ta yau ba haka take ba. Ta yau sai ta yi ta fama tukuna, ta hau ta sauka, kamar mai laluben wani abu a ɗaki. In da aikin Yaya ya goge, ai tsaron makullin zai dawo, kuma in ya dawo, ba za ta yi wannan faman ba.

Abu na biyu daga wurin aikina ya zo. A kamfaninmu ana ɗauke wuta sau da yawa a yini, wani lokaci janareto ya yi jinkirin ɗauka. In wuta ta dawo, injunan ba sa manta cewa buta suke yi. Tsarin yana nan. Amma butocin farko sukan fito a karkace, wata ba hanci, wata da kumburi a gindi. Sabon ma'aikaci in ya ga haka sai ya rikice ya kai hannu zai fara murɗe-murɗe. Aikina shi ne in hana shi. Nakan ce, bar shi, zafinsa yake nema. Bayan an zubar da guda goma ko ashirin sai ka ga sun dawo sumul. Wanda ya taɓa ne ke ɓata mana yini guda.

Na dawo wurinsu na ce, "Oga, don Allah a ɗan matsa, zan sake gwadawa."

Rewaya ya yi dariya. "Hajiya, batir kawai za ki kashe."

Na shiga. Wannan karon da na murza makulli fitilun gaba suka kama, ban tayar nan take ba, na tsaya in daidaita numfashi. A cikin shirun nan na ji wani ɗan sauti daga injin, ƙis-ƙis, sannan wani siririn zuuu, kamar wani abu na motsa kansa yana gwadawa. Na jira har ya yi shiru. Sannan na tayar, na ɗora ƙafa a totur kaɗan na riƙe.

Ba ta mutu ba. Ɗaya, biyu, uku, goma, ashirin. Tana karkarwa, tana tari, amma tana nan.

Na leƙo ta taga na ce wa Baba, "Baba, kun tuna lokacin makulli? Ko an danne totur mutuwa take. Ku duba yanzu."

Baba ya ce, "Ɗaga ƙafar mu gani."

Na ɗaga. Ta mutu. Mutane suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi wa wanda ya dage.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ba a tuƙa mota da ƙafa a totur har abada. Rana na yi."

"Ku ba ni rabin awa, Baba. In ba ta daidaita ba, ni da kaina zan kai ta Bompai."

Ya dube ni, ya dubi Oga. Oga ya ɗaga kafaɗa ya ce ai gwaji ba ya ɓata komai. Baba ya koma benci.

Na sake tayarwa na riƙe ta. Na kashe rediyo, na kashe komai. Zufa na bin bayana, ƙafata ta fara ciwo, idona na kan allurar zafi tana hawa a hankali. Masu kallo suka fara watsewa. Rewaya ya tsaya, hannu a ƙugu, ina jin so yake ya ga ƙarshen abin don ya samu na ba da labari.

Allurar ba ta kai tsakiya ba, saura kamar faɗin farce, sai na ji fuuu daga gaba. Fanka ta tashi.

Na buɗe ƙofa da ƙafata a totur na ƙwala wa Oga kira. "Oga! Zo ka ga allurar nan. Irin wannan motar, a ina fankarta ke tashi?"

Ya sunkuyo ya duba. "Sai ta wuce tsakiya."

"To wannan fa?"

Ya sake dubawa, ya je gaba ya kalli fanka na juyawa, ya dawo. "Ikon Allah. Ba ta kai ba."

"Yayana ne ya sa mata haka. In aikinsa ya goge, wa ya gaya mata ta tashi yanzu?"

Oga ya juya ya kalli rewaya. Rewaya ya sauko da tabaransa daga goshi ya sa, ya leƙa. Baba ya taso daga benci.

Da fanka ta tsaya, na fara janye ƙafata kaɗan-kaɗan, kamar mai zare hannu daga ƙarƙashin jaririn da ya yi barci. Allurar juyi ta faɗo ƙasa sosai, motar ta girgiza, na ce shi ke nan, sai ta kama kanta ta ɗago. Ta sake faɗowa, ta sake ɗagowa. Na cire ƙafa gaba ɗaya na ajiye a ƙasa. Tana hawa tana sauka, amma ita kaɗai take yi. Na bar ta haka har fanka ta sake tashi ta sake tsayawa. Kowane zagaye hawa da saukar na raguwa. Sannan na kunna fitilu. Ta yi kamar za ta tafi, ta dawo. Na kunna esi, nan kam ta mutu. Na sake tayarwa, na sake kunnawa, ta yi gunaguni ta riƙe.

Baba ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba ya zauna. Ya ce, "Tsayuwa daban, tafiya daban. Mu je Bompai. In ta kai mu ba ta mutu a hanya ba, na bar maganar. In ta mutu, muna isa za a sauke akwatin nan."

Na ce, "Na yarda, amma ku bar ni in fara bi ta Challawa."

"Challawa kuma? Ina Challawa ina Bompai?"

"Hanyar can ta fi sarari. So nake ta ɗan yi gudu tukuna kafin mu shiga gari."

Ya yi ƙwafa ya ja bel ya ɗaura. Baba ko a zamanin da ba wanda ke ɗaura bel shi yana ɗaurawa.

Farkon tafiyar ba daɗi. In na saki totur zan canza giya sai ta yi kamar za ta shiɗe, in na taka sai ta yi jinkiri sannan ta fizga. Wani mai acaɓa ya bi ta gefena yana ce mini in koma makarantar koyon tuƙi. A mahaɗar da za mu hau titin Panshekara dole na tsaya don wata tirela, na taka kuloci, allura ta faɗo har fitilar batir ta yi ƙyaf. Baba ya gyara zama. Ba ta mutu ba. Ban taɓa totur ba kuma, ya gani da idonsa.

Da muka miƙi hanya na fara ba ta giya ɗaya bayan ɗaya, in hau in sauko, in yi gudu in rage. Gonakin gefen hanya sun yi kore shar, gero ya kai ƙugu. Muka fara jin warin kamfanonin fata tun kafin mu gan su, na san mun iso. Muka wuce ma'aikatan da suka tashi aikin safe suna tafe a kan kekuna, robar abinci ɗaure a baya. Muka wuce ƙofar masaƙar su Yaya, an sa mata sarƙa, ciyawa ta fito ta tsakanin kwalta. Baba ya bi ta da kallo har muka wuce.

A ƙarshen layin kamfanonin na juya. Nan na lura ban ji fizgar nan ba tun ɗazu. Na tsaya a gefen titi da gangan, na cire giya, na ɗauke ƙafafuna duka biyu. Allura ta sauko a hankali ta zauna ƙasa da ɗaya kaɗan, tana ɗan rawa.

"Ba ta gama ba," in ji Baba. "Ina jin ta a kujera."

Gaskiyarsa ne, akwai sauran 'yar karkarwa. Shekara talatin a kan sitiyari ba wasa ba ne.

Muka kamo hanyar gari. Wajen azahar ne, ga Asabar, titin Gidan Zu a cike. Nan ne na fi jin tsoro, don tafiyar taku ɗaya ce a tsaya, ga 'yan acaɓa ta ko'ina, ga esi a kunne don Baba ya ce kada in kashe, a yi gwajin da gaske. Na tsaya ya fi sau talatin kafin shataletalen Dangi. Tun ina ƙirgawa har na daina. Wani wuri a cikin cunkoson nan, ban san daidai ina ba, na daina kallon allura na koma kallon hanya kamar kullum.

A kusa da Bompai wani ɗan sanda mai ba da hannu ya tsayar da mu don jerin manyan motoci da ke fitowa daga wani sito. Mun daɗe a tsaye. Baba ya miƙa hannu ya kashe esi, ya karkata kai yana saurare. Sannan ya ce, "Ta mutu ne?"

Na kalli allura. Tana tsaye cak kamar an zana ta.

"Tana aiki, Baba."

Bai yarda ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan dashbod ya riƙe. Ya ɗauko hularsa ya ɗora a wurin, hula ko motsi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ya yi ba, har yana buga cinya. "Kai! 'Yar banzar mota! Ashe da gaske tunani take!"

Ɗan sanda ya ba mu hannu. Na taka, ta zabura kamar dā, har Baba ya dafe ƙofa.

Duk da haka sai da muka je wurin amininsa, don ya ce ba zai zo Bompai ya koma ba su gaisa ba. Wani fili ne a bayan sito, cike da gawarwakin manyan motoci. Tsofaffi huɗu na zaune a tabarma sun idar da salla. Na yi niyyar in zauna a mota, Baba ya ce in fito, kuma kada in kashe ta. Ya ja amininsa har gaban bonet.

"Saurara," ya ce masa. "Awa uku da suka wuce mutum bakwai sun yi mata salla, har da rewaya mai tabarau. Igiya muke nema mu jawo maka ita. Wannan yarinyar ta ce a'a."

Aminin ya kasa kunne, ya ce, "Wa ya gyara?"

"Ba wanda ya gyara. Ko sifana ba ta riƙe ba. Hana mu ɓatawa ta yi."

Aka sa na ba da labarin tun daga farko, tsofaffi na tambaya ina amsawa. Ɗaya ya ce in sake faɗin zancen butocin. Aka kawo mini fura a kwanon sha. Ni da ko gaisuwa a wurin nan da ƙyar nake ɗaga kai, ranar sai ga ni a bakin tabarma ina yi wa direbobin da suka zaga ƙasar nan bayanin injin.

Bayan kwana tara Yaya ya sauko daga ruwa ya kira. Da na gaya masa, dariya ya yi ta yi har katinsa ya kusa ƙarewa. Ya ce abin da ya rubuta a cikin akwatin ko shekara goma ta yi ba batir ba zai goge ba. Abin da ke gogewa shi ne wanda ita motar ke koya da kanta a kan hanya, yawan iskar da take buƙata in tana tsaye, da ɗan ƙari ko ragin mai da take yi don ta dace da injinta. Kowace mota irin wannan takan ɗan rikice in an cire batir, amma tamu ta fi, saboda maƙogwaron da ya sa mata ba nata ba ne, sai ta yi lalube mai nisa kafin ta gano shi. Ya ce shi ma haka ta yi masa ranar da ya mayar da akwatin, sai da ya yi ta zagaye da ita a bayan masaƙa, ya manta ne bai gaya mini ba. Na ce ai kuwa saura kaɗan mantuwarsa ta sa ya dawo ya tarar da kabureta. Sai ya ce, "Ba ni Baba." Ban san me suka ce ba, na dai ji Baba na cewa, "A'a, ita za ka yi wa godiya."

Bayan kamar wata biyu, ina cikin aiki mai gadi ya shigo ya ce ana sallama da ni a ƙofa. Na fita da rigar aiki, hannuna duk ƙurar roba. Oga ne a kan babur, rewaya a bayansa. Wai motar wani Alhaji mai kamfanin alewa aka canza wa batir, ta ƙi tsayuwa a silo, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, direban ya tayar musu da hankali. Rewaya ya sauko ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce, "Hajiya, fankar nan, sau nawa ake bari ta tashi kafin a kunna fitila?"

Na ce sau biyu ni na yi. Na ce kuma su murza makulli su jira tukuna kafin su tayar, kada kowa ya taɓa komai, sannan su bi da ita hanyar Challawa su dawo. Ya ciro biro ya rubuta a bayan hannunsa. Suka hau babur suka tafi, ni kuma na koma ciki, don injin na uku ya fara fitar da bokiti ba hannu.